Ginin da Aka Kira Sito

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, unguwarmu ta kusa da Ƙofar Sauri ta samu abin da ta daɗe tana roƙo, wato ɗakin shan magani. Sabon ciyaman ne ya yi alkawari lokacin kamfe, kuma ya cika. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ina zaune da matata a gidanmu na gado tare da Baba. Wanda aka ba aikin zana ginin ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya karanto zanen gine-gine a Zariya ya dawo yana neman inda zai nuna abin da ya koyo. Ranar da aka tabbatar masa da aikin, har shinkafa da kaza aka dafa a gidanmu.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya biyo. A zamanin soja an taɓa rushe rumfunan 'yan kasuwar bakin titi, Baba yana cikinsu, kayan keke yake sayarwa. Suka taru za su kai kuka, aka kwashe su a mota aka zuba a wani tsohon siton gyaɗa da ke bayan gari. Tsakiyar bazara ne. Siton bango ne mai kauri, dogo, babu taga sai wasu 'yan siraran kafofi can sama kusa da rufi. Ni na gan shi da idona, domin na kai wa Baba abinci aka koro ni. Da aka tashi buɗe ƙofa bayan kwanaki, wasu ba su fito da ƙafarsu ba. Cikinsu har da maƙwabcinmu tela, mijin matar da duk yaran layinmu muke kira Inna. Baba ya dawo da ransa, amma tun daga nan bai sake kwana a ɗaki da ƙofa rufe ba, kuma bai taɓa ba mu labarin ciki ba. Ƙanena yana makaranta aka yi wannan. Ya ji labari, amma kafin ya dawo an rushe siton.

Ya nuna mini zanen asibitin tun yana takarda. Ya ce tunda wuta ba ta zama, zai yi ginin da ba ya bukatar fanka: bango mai kauri irin na kakanninmu, rufi mai tsawo, tagogi sirara can sama don zafi ya riƙa fita, da ƙananan kafofi a ƙasa don iska ta shigo. Na yaba masa. A takarda ban ga komai ba sai layuka.

Sai da bango ya wuce linta, wato saman ƙofa, ya kusa kai rufi sannan na gani. Wata rana na taso daga makaranta a kan kekena, na karyo kwanar layin, na ɗaga kai. Dogon bango toka-toka, ba taga ko ɗaya daidai tsayin mutum, sai jerin kafofi a sama. Na sauka daga keken ban san na sauka ba. Inna tana tsaye a ɗaya gefen titi da kwanon niƙa a hannu, ita ma shi take kallo. Na gaishe ta, ta juyo ta ce, “Malam, wanga ai sito ne. Wa ya sa a maido muna shi?”

Ban iya ce mata ƙanena ne ba, ko da yake ta sani.

Kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari. Mai shayi yana cewa sito, 'yan acaba suna cewa sito, har ɗalibaina na ji suna faɗa. Leburorin da ke aikin mutanen ƙauye ne da suka shigo neman na abinci, ba su san dalilin da ya sa ake harararsu ba. Samarin jam'iyyar da ta faɗi zaɓe suka samu abin riƙewa, suna yawo suna cewa da gangan aka yi don a ci mutuncin unguwa. Wata safiya aka tarar an rubuta sunan da gawayi a bangon, manya-manyan baƙaƙe. Washegari aka jefi wani lebura da dutse a ƙafa, magina suka tattara kayansu, aiki ya tsaya.

A gida muka yi ta da ƙanena a soro, muna rage murya kada Baba ya ji. Ya ce shi bai taɓa ganin siton ba, ta yaya zai kwaikwayi abin da bai gani ba? Ya ce bango ba shi da laifi, waɗanda suka kulle ƙofa su ne masu laifi, kuma in za a haramta duk bango mai kauri saboda su, to, yara masu zazzaɓi za su ci gaba da kwanciya ƙarƙashin kwano mai zafi. Na ce masa duk na yarda, amma ya je ya tsaya inda Inna ta tsaya. Ya ce ni ma na bi 'yan siyasa. Maganar ta yi mini ciwo, na tashi na bar masa soron. Kwanakin nan tare muke cin tuwo da Baba a kwano ɗaya, ba mai kallon wani. Baba kuwa ya daina bin layin asibitin in zai je masallaci, yana zagayawa ta baya.

Da abin ya kai ana maganar samari za su zo da diga su rushe ginin, mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa bayan la'asar. Ban taɓa ganin layinmu ya cika haka ba. Dattawa a kan tabarmi, kansila a kujera yana ta share gumi, samari a tsaye daga baya, wasunsu da sanduna. Mata suna leƙe daga zaurukan maƙwabta. Ƙanena ya miƙe da takardunsa ya fara bayanin yadda iska mai zafi take tashi sama. Bai yi nisa ba wani daga baya ya ce a tambaye shi ko iskar ta tashi sama ranar da ubansa yake ciki. Wuri ya ruɗe. Na matsa na tsaya kusa da ƙanena, domin na ga samarin sun fara turowa gaba.

Mai unguwa ya buga sandarsa a ƙasa har aka yi shiru. Ya juya ga Baba, ya ce duk wanda ke wurin labari yake ji, Alhaji ne ya kwana a ciki, kuma ɗansa ne ya yi zanen, don haka a ji ta bakinsa.

Baba ya ce shi ba zai yi magana kan ginin da bai shiga ba. Ya nemi takalmansa.

Haka muka ɗunguma, Baba a gaba, jama'a a baya. A bakin ginin ya ce kowa ya tsaya, ni da ƙanena kaɗai muka bi shi. Ba a sa ƙofa ba tukuna, amma an yi rabin rufi. Gaskiyar ƙanena ce, muna shiga na ji sanyi ya sauko mini kamar na shiga tsohon soron ƙasa, iska tana shafar ƙafafuna. Baba ya taka har tsakiyar babban ɗakin ya tsaya. Rana ta karkata, haske yana shigowa ta kafofin sama, ya yi layi-layi a bangon da ke fuskantarmu. Hasken nan Baba yake kallo. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, numfashinsa ya canza. Ya kama hannun rigata ya riƙe gam.

Ƙanena ya ce a hankali, “Baba, ka ji iskar?”

“Na ji,” in ji Baba. “Aikinka ya yi. Amma hasken can, shi muka riƙa kallo. In ya kai ƙarshen bango mun san wata rana ta wuce. Ku hidda ni.”

Muka fito da shi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. A waje ya tsaya ya huta, sannan ya gaya wa mai unguwa, kowa yana ji, cewa yaron bai yi da mugun nufi ba, kuma ginin yana da iska, duk wanda ya taɓa ginin da diga, to shi Baba ya taɓa. Amma shi kam, in ciwo ya kama shi, kada a kwantar da shi a ciki. Samarin suka tsaya suna kallon juna. Ba abin da suka zo ji ke nan ba, ba kuma abin da ƙanena ya so ji ba.

Daga ƙarshe dattawa da kansila suka yanke a fasa bangon da ke kallon titi a fitar da manyan tagogi daidai ƙirjin mutum, a kuma shafe ginin da farin fenti. Ƙanena ya ce ta nan rana take bugawa da yamma, za a lalata komai. Ba a saurare shi ba. Yana tsaye aka sa kurfi da guduma a bangon, ya kalli kaɗan ya tafi. Ranar buɗewa bai zo ba, kuma ba a daɗe ba ya samu aiki a Kaduna ya koma. Mun ɗauki lokaci muna gaisuwa sama-sama kafin muka dawo daidai. A can ya yi gine-gine irin wannan, na ji ana yabonsu, ba wanda ya ga sito a cikinsu.

Abin da ya faɗa ya tabbata. Ɗakin gaba yakan yi zafi da yamma har ma'aikatan jinya su fito da benci waje. Ɗakin baya da ba a taɓa ba shi ne mai sanyi, nan aka mai da ɗakin haihuwa, kuma matan da aka auro daga wasu unguwanni suna sonsa. Inna kuwa ko da tagogin ba ta taɓa shiga ba. In ba ta da lafiya sai ta hau acaba zuwa babban asibiti, haka ta yi har ta rasu. Na sha tambayar kaina wa ya fi gaskiya tsakaninta da ƙanena, har yau ban tsayar da amsa ba.

A ɗakin bayan nan matata ta haifi 'yarmu ta fari, bayan damina. Na je gida na gaya wa Baba, ya sa babbar riga ya biyo ni. Da muka iso bakin ƙofa ya tsaya, na gane ba zai wuce nan ba. Na shiga na roƙi ungozoma, ta naɗo jaririyar a zane ta kawo ta ɗakin gaba. Baba ya zagayo ta bakin titi, ya miƙo hannuwa ta taga ya karɓe ta, ya yi mata addu'a a kunne, ya miƙo ta, ya ce in gaida mai jego.