Takalmin da Ya Ce Gwaggo Ba Ta Aiki

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana share ɗakin masu haihuwa a asibitin nan. Nas-nas ne suka laƙaba mata sunan, likitoci suka ɗauka, har mijinta ma, tsohon direban da ciwon ido ya zaunar a gida, in yana son tsokanarta haka yake kiranta. Da aikin nan take riƙe da shi da 'yar autarsu da ke makarantar koyon jinya. Mace ce mai baki, amma ba wanda ya taɓa cewa ga inda ta bar datti.

Sai aka miƙa sharar asibitin ga wani kamfani. Kamfanin bai kawo sabon tsumma ba, bai canza bokitin da ke yoyo ba. Takalma ya kawo, baƙaƙe, masu wata 'yar na'ura a dunduniya. Wai tana ƙirga taku, tana lura da yadda mutum ke tafiya, ta aika wa manaja a kwamfuta. Don lafiyar ma'aikata, in ji su. Lafiya! Mutanen da ko safar hannu sai an yi musu magiya.

To, Gwaggo tana da yadda take aikinta. Daga ƙuryar ɗaki take farawa, ta dinga ja da baya tana goge gabanta, tana jan ƙafa a hankali ba ta ɗagawa, har ta fita ƙofa ba ta taka inda ta jiƙa ba. Ƙarƙashin gado kuwa durƙusawa take yi ta sa hannu. Takalmi bai san wannan ba. Shi dai a ɗaga ƙafa a dire, shi ke nan an yi aiki. Sauran masu sharar ba su daɗe ba suka gano bakin zaren: su ɗauki bokiti ba ruwa, su yi ta safa da marwa a baranda, ko a jikinsu.

Bayan wata guda manaja ya kira ta ofis. Saurayi ne mai ladabi, irin ladabin da ke ƙara wa mutum takaici.

"Mama, zauna mana. Kin ga, taku dubu uku kike yi a wuni, sauran suna yin dubu goma sha biyu."

"Ka shiga ɗakin ka gani?"

"Ba sai na shiga ba, Mama, ga shi nan a rubuce. Kuma na'urar ta nuna kina jan ƙafa, irin tafiyar mai shirin faɗuwa. Wallahi lafiyarki muke ji. In nan da mako guda abin bai gyaru ba, gara ki je gida ki huta."

Ran Gwaggo ya ɓaci. Ta so ta ce masa tun yana cikin zanen goyo take kwashe jini da amai a ginin nan. Ta so ta cire takalmin ta dire masa a kan tebur, ta ce ya ba takalmin tsumma ya goge ɗakin, tunda shi ne mai shaida. Sai ta tuna mutumin da ta bari a gida yana laluben bango.

"Na ji, Manaja," ta ce.

A gida ta sauke wa mijin duk abin da ta haɗiye. Ya saurara har ta gama, ya ce, "To ki yi musu tafiyar mana, Gwaggo. Tafiya suka saya."

Ta kuwa yi musu tafiyar. Ta koma gogewa daga ƙofa zuwa ciki, tana taka inda ta jiƙa, tana ɗaga ƙafa kamar soja. Ta daina durƙusawa. Ruwa ma sau goma take zuwa ɗebowa, rabin bokiti rabin bokiti. Ranar da mako ya cika manaja ya tare ta yana murmushi, ya ce ta wuce kowa, har ƙafar ma ta warke. Bakin ciki kamar ya kashe ta, amma ta amsa da "Madalla."

Da hantsi tana cikin ɗakin, wata mai jego da ke gadon kusa da taga ta leƙa ƙasa, ta ga ƙura a ƙarƙashin gado da tabon ƙafa ko'ina, ta yamutsa fuska.

"Sannu da aiki, Baba. Haihuwata ta fari a nan na yi, ƙasan nan sai ka rantse madubi ne. Wadda ke goge shi a lokacin ta bar aiki ne?"

Gwaggo ta matse tsumma a bokiti, ba ta ɗago kai ba.

"Ta bari, 'yar nan," ta ce.