Dokin Ƙofar Gwaggo

A unguwarmu ta gindin dutse a Kazaure, babu gidan da ya kai na Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tsayin dokin ƙofa. Duk shekarar da ruwan sama ya shiga gidan, sai a kira magini ya ƙara layin bulo ɗaya, har ta kai sai mutum ya ɗaga ƙafa kamar zai hau babur kafin ya shiga zaure. Gwaggo kuwa gwiwoyi sun fara ƙi. In za ta fita sai ta dafa bango, ta yi salati, ta ja tsaki, sannan ta tsallaka.

Ɗanta da ke Kano, taubashina, ya gaji. Shekarar da ruwa ya jiƙa mata buhunan gero, ya sa ta yi masa alkawari cewa in ya sake shiga, za ta bar gidan ta koma wurinsa. Gwaggo ba ta saɓa magana, abin da ya tayar mini da hankali ke nan. A gidan nan aka kawo ta amarya, a nan mijinta ya rasu, kuma na san in aka kai ta bene a Kano, inda ba ta san kowa ba, ƙunci zai kashe ta.

Cikin ikon Allah, a ranin nan aka ba sashenmu na ayyuka a ƙaramar hukuma aikin zana magudanan ruwan unguwar. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga koyon wata manhajar kwamfuta ba, kaina a kumbure. Ka zuba mata taswira da awon tudu da gangare, ka zana lambatu da kwalbati, ka gaya mata inda ƙasa ke shan ruwa da inda ba ta sha. Daga nan sai ka saukar da ruwan sama na ƙarya, ka zauna kana kallo. Inda ruwa ya wuce lafiya ta nuna shuɗi, inda ya tumbatsa ta nuna ja. Wallahi son manhajar nan nake kamar sabuwar mota.

Kafin in zana sabon abu, na fara gwada unguwar yadda take, na saukar mata da ruwa mai ƙarfi. Layin Gwaggo ya fito shuɗi shar, ko ɗigon ja babu. Na sake, haka. Bayan la'asar na saɓi kwamfutar na tafi gidan, na same ta tana tsince wake a kan tabarma.

Na ce, "Gwaggo, kwamfuta fa ta ce ruwa ba ya shiga gidanki."

Ta ce, "Madalla. Ka ce ta zo ta tsallaka dokin ƙofar da ƙafarta."

Sai da ta gama dariya ta ce in gaya mata yadda abin ke sani. Na gyara zama, na yi mata bayani irin na manya. Kwanon rufi ba ya shan ruwa, kwalta ba ta sha, amma tsakar gida tana shanye kusan rabi kafin saura ya fito waje.

"Tsakar gidan wa?"

"Na kowa mana. Ai yashi ne."

Ta ajiye farantin waken, ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, yaushe rabonka da shiga gidan mutane?"

Tun da na balaga, iyakata zaure. Mu uku muka auna unguwar, lungu lungu, dukanmu maza, kuma babu wanda ya wuce ƙofar da aka rubuta ba shiga. A hoton sama kuwa darbejiya ta rufe tsakar gidaje, inda ya bayyana ma siminti da ƙasa duk launi ɗaya. Tsakar gidajen da na zuba wa manhajar na yarintata ne, lokacin da muke wasan ƙasa a cikinsu.

Gwaggo ta ce, "Yau duk gidan da za a yi suna, ko mai gida zai dawo daga Makka, sai an yi daɓen siminti. Ɗigo ɗaya ba ya nutsewa. Duk ta makwarara yake fitowa, ya taru, ya gangaro ya gaishe ni."

Kunya ta kama ni, amma daɗi ya fi ta yawa, don na ga bakin zaren. Gwaggo ba ta rasa taro a unguwar, babu tsakar gidan da ba ta taka ba. Ta ɗauki tsinken tsintsiya, ta matso kusa da allon kwamfutar, muka fara bi gida gida. Da bishiyoyi take gane su.

"Wannan mai darbejiya biyu, siminti ne tun sunan jikarsu. Wannan rabi ne, maginin ya tafi cin kasuwar Babura bai dawo ba. Wannan ƙasa ce, tumaki har bakin ɗaki, Allah ya shirye su."

Tana faɗa ina gyarawa. Yamma biyu muka yi. Gida ɗaya ya gagare ta, na wata da suka shekara ba sa ga maciji. Washegari ta yafa mayafi ta je, wai gaisuwa. Ta dawo da labarin siminti har bayan ɗaki, da ƙullin daddawa da aka ba ta.

Na sake saukar da ruwan. Shuɗin ya gangaro daga dutse, ya yi kauri, yana isowa layin sai ja ya tashi daidai ƙofar Gwaggo, zurfinsa kusan layin bulo na uku. Na yi tsalle na buga kabbara.

Ta ce, "La'ilaha illallahu! Murna kake ruwa ya ci ni?"

Daga nan aiki ya yi daɗi. Na raba ruwan tun daga saman layi, rabi ya bi ta baya zuwa kududdufi. Na faɗaɗa lambatun, na ƙara girman kwalbatin bakin hanya, ina gwadawa ina sauyawa har jan ya ɓace. Shugaban sashenmu ya tambaye ni inda na samo bayanin cikin gidaje. Na ce, "Ranka ya daɗe, wata ƙwararriya ce ta taimaka." An gama gini kafin shuka.

Ranar babban ruwan, hadari ya haɗu da azahar, na hau babur na isa gidan Gwaggo a jiƙe. Muna tsaye a zaure ni da ita, taubashina ya kira ni a waya. "Injiniya, in taho da motar ne?" Na ce ya jira. Ruwan ya sauko daga dutse yana ruri, ja kamar kunun kanwa, ya cika lambatun har saura tafin hannu ya kai baki. A nan ya tsaya, yana wucewa, yana wucewa, har sama ta ɗauke. Na dubi Gwaggo ina jiran yabo. Ta ce damina ai ba ta ƙare ba, in je in sauya riga.

Sai da aka yanke gero ta aika a kira ni. Na iske magini a ƙofar gida da guduma, ya riga ya sauke layi biyu.

Na ce, "Gwaggo, don Allah a bar ko layi ɗaya."

Ta ce, "Au, ba ka yarda da aikinmu ba ne? Malam, fasa."

Ya fasa har ƙasa, ya share. Gwaggo ta gyara ɗaurin zani ta fita waje, hannunta bai taɓa bango ba. Ta juyo ta shigo. Ta sake fita, tana dariya har da hawaye, ta ce in kira mata na Kano, ya zo da motar tasa ya ɗauki gero.