Kawu Farfesa Mai Rubutun Allo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai rubuta allunan shaguna ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan tashar mota: gwangwanayen fenti a ƙasa, burushi a jiƙe cikin kwalbar kananzir, sai wani benci da ba a taɓa zama a kansa an tashi da wando mai tsabta ba. Hannu kam Allah ya ba shi, in ya ja layi sai ka rantse da rula ya ja. Matsalar ita ce ya ɗan leƙa kwalejin horar da malamai kafin ya gudo, kuma tun daga nan ya yanke hukuncin cewa ya haddace Turanci kaf. Direbobin tasha suka sa masa Farfesa. Shi kuma ya ɗauka yabo ne.

A ra'ayin Kawu, kalmomi biyu in sun yi kama to 'yan uwa ne, duk wadda ta zo hannu ta wadatar.

Wani mai sayar da littattafai da biro ya ba shi aiki. Kawu ya zauna ya tsara *Stationary* da ja da shuɗi, gwanin kyau. Ba a jima ba mutumin ya dawo yana huci.

"Malam, malaman makaranta sai dariya suke mini. Sun ce kalmar kayan rubutu da *e* take. Wannan mai *a* ɗin, ma'anarta abin da ke tsaye wuri ɗaya."

Kawu ya ajiye burushi a hankali. "Alhaji, shagon naka yawo yake yi?"

"A'a."

"To ina ƙaryar?"

Mutumin ya kama hanyarsa. Kawu ya wuni yana ba direbobi labarin yadda ya koyar da ɗan kasuwa Turanci kyauta.

Wadda ta fi ƙarfinsa wata hajiya ce da ta buɗe makarantar renon yara, tana son a rubuta mata ƙananan mala'iku da Turanci. Kawu ya zana jarirai masu fukafukai, ya rubuta *Little Angles* a ƙasa. To, *angel* shi ne mala'ika, *angle* kuwa kusurwa. Allon ya kwana biyu a bakin titi yana sanar da duniya cewa nan ake renon ƙananan kusurwoyi.

Hajiya ta sauko da allon da kanta, ta dire masa a ƙofar shago.

"Hajiya, duba da kyau," in ji Kawu. "Baƙaƙen duk suna nan, ban ci ko ɗaya ba. Wurin zama kawai suka canza."

"Sannu, Farfesa. Wace uwa ce za ta kawo ɗanta makarantar da ba ta iya rubuta sunanta ba?"

Ta tsaya a kansa har ya goge ya sake, tana faɗa masa harafi bayan harafi kamar ɗan aji ɗaya, direbobi na kallo. Wannan ya yi masa ciwo. Mahaifiyata ta ji labari, ta saya masa ƙamus. Da ta tambaye shi daga baya ko yana amfani da shi, sai ya ce, "Sosai ma, Yaya." Gaskiya ya faɗa: kaurin littafin ya yi daidai da ƙafar bencin da ta gutsure.

Da aka buɗe shagon buga alluna da kwamfuta a tsallaken titi, masu kawo aiki suka watse. Kawu ya ce hassada ce kawai. Ya koma fentin gidaje, kuma a nan ya samu kwanciyar hankali, don bango bai taɓa dawowa yana huci ba. Da wannan sana'ar ya aurar da 'ya'yansa.

Bara idonsa ya fara rauni, na raka shi wurin likitan ido. Likita ya nuna masa allon gwaji mai manya da ƙananan baƙaƙe, ya ce ya karanta. Kawu ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Baba, ba ka gani ne?" in ji likita.

"Ina gani sarai, ɗana. Tausayinka nake ji. Ko kalma ɗaya babu daidai a allon nan. Wa ya rubuta maka shi?"