Sunan da Ke Ƙarƙashin Jan Layi

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Malam Sahabi makwancinsa, shekara tara kuma da ya ajiye alli ya fita daga makarantarmu bai waiwayo ba. Dangi suna ƙirga rashinsa daga ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a Dole Kaina. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, daga wata safiyar Talata nake ƙirgawa, domin ina wurin, kuma da hannuna a ciki.

Sahabi taubashina ne, ɗan kawuna. Tare muka tashi, tare muka yi karatun malanta, aka kuma turo mu firamare ɗaya a wani ƙauyen bakin gulbi a ƙasar Bagudo. Tsokana ce gaisuwarmu. Ina kiransa Sarkin Jirgi, shi kuma yana ce mini Malam Lafiya Lau, wai ko wuta ta kama rigata aka tambaye ni, lafiya lau zan ce. A lokacin dariya nake yi, ban san mutumin ya karance ni tsaf ba.

Tsallaken gulbi akwai wata tungar masunta, masu jin Hausa da Dendi, waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa zama a aji ba. Sahabi ya bi su gida gida. Iyayen suka ce ba ƙin boko suke yi ba, jiragensu ne ke kan ruwa tun asuba, babu mai ƙetaro da yara. Sai ya ari wani tsohon jirgi, ya liƙe ɓarakarsa, ya mayar da kansa matuƙi. Kullum in ya sallame asuba sai ya tura ya ɗebo su. Da yara shida ya fara, kafin shekara ta zagayo sai ya yi sawu biyu. Idan ruwa ya cika, dole sawu na biyu ya makara.

A makarantarmu akwai littafin sa hannu. Ƙarfe bakwai da rabi hedimasta yake jan layi da jan biro, duk malamin da sunansa ya faɗa ƙarƙashin layin ya yi latti. Tsohon hedimastanmu, Allah ya jiƙansa, yakan riƙe biron har sai ya ji hayaniyar 'yan tsallake a bakin ƙofa. Da ya yi ritaya aka kawo mana wani. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye, yana da jikoki.

Wannan bawan Allah bai iya jin an yabi kowa a gabansa ba. Masu duba makarantu suka zo suka yaba ajin Sahabi, iyayen tunga kuma in sun zo shi suke fara gaisarwa. Shi ke nan zance ya lalace. Tagar ofis tana kallon mashigi, kuma na sha ganinsa tsaye da biro a hannu, sai ya ga hancin jirgi ya taɓa gaɓa sannan ya ja layi. Agogon bango shi kaɗai ke taɓa shi. Ya raba kan malamai, ya samu masu kai masa tsegumi, har ta kai mutum ba ya iya yin tari a ɗakin malamai sai ya duba bayansa. Takardun tuhuma suka riƙa sauka a kan Sahabi, mu kuma muka kama bakinmu, don gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ni ma da nake ɗan'uwansa, haƙuri kawai nake ba shi, kamar haƙurin ne bai iya ba.

A waccan Talatar ruwa ya yi ƙarfi, jirgi bai iso ba sai da aka kusa watsewa daga layin safe. Hedimasta ya tsayar da yaran a gaban kowa, wandunansu a jiƙe, ya miƙa wa Sahabi bulala.

"Tunda kai kak kawo su latti, kai za ka hora su. Biyar biyar."

"Ranka shi daɗe, ɗiyan ga tun da duhu suke bakin ruwa suna jirana. In akwai mai laihi, ni na."

"Ban ce ka yi min wa'azi ba."

Sahabi ya karɓi bulalar, ya dube ta, ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa a hankali. Hedimasta ya juyo ya ce, "Malam Umaru, ɗauka." Ni ne Malam Umaru, kuma na ɗauka. Ina da mata da 'ya'ya, ina jiran ƙarin girma, na gaya wa kaina duk abin da matsoraci ke gaya wa kansa. Yara goma sha ɗaya na buga, ta ƙarshensu wata yarinya Hassi, wadda ta fi kowa iya karatu a ajinsa. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa kallon Sahabi.

Kafin a tashi hutun ƙarfe tara Sahabi ya rubuta takardar ajiye aiki, layi uku, ya aza a kan littafin sa hannu. Ya mayar da yaran tsallake, ya kai jirgi wurin mai shi. Da la'asar ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Lahiya Lau, hannunka dai bai yi ciwo ba ko?" Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini kan maganar ke nan har ya koma ga Allah. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ya koma Dole Kaina yana tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da na Benin, yana taya masu kifi ɗaurin kaya. Ya samu abin rufin asiri, amma duk zuwan da na yi na tarar ya rame. Sau ɗaya na ce zan ɗauki jirgin a madadinsa. Na ƙetara tunga, iyayen suka shimfiɗa mini tabarma, suka ba ni ruwa, suka ce za su yi shawara. Har yau shawarar suke yi. Ban ga laifinsu ba, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Nakan tambayi kaina me Sahabi zai ce da ya leƙo yau. Zai ga an shafa wa makaranta fenti, an sa ƙofar ƙarfe. Zai ga littafin sa hannu yana nan, har ma yanzu hotonsa ake ɗauka da waya a tura sama kowace safiya. Zai ji malamai matasa suna ba juna labarin shugabanni irin namu na da a wasu makarantu, kuma masu zuciya a cikinsu su ne ke fara ajiye alli su kama kabu-kabu a hanyar iyaka. Irina ne ke daɗewa. Wancan hedimasta ya gama aikinsa lafiya, aka yi masa walima, ni na karanta jawabin yabo. Na san dariyar da Sahabi zai yi in ya ji yau ni ne a kujerar, shekara huɗu ke nan.

Watan jiya a kasuwar Kende wata mai bandar kifi da goyo ta durƙusa ta gaishe ni. Hassi ce, wadda tun waccan Talatar ba ta sake taka makaranta ba, har karatun ya zube mata. Ta ciro wata takardar asibiti daga bakin zane ta ce, "Malam, duba min takardag ga, mi anka rubuta? Ɗan nan ne ba ya jin daɗi." Na karanta mata. Ta yi godiya, ta ƙulle mini kifi, ta ce, "Allah shi jiƙan Malam Sahabi. Da yana nan, da ni ka karanta abina." Ba da gori ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Kunya ta hana ni cin kifin.

An ce alheri gadon barci ne, ina fatan Sahabi yana kwance a kan nasa. Amma a nan duniya, in na auna abin da ya rage nasa, ban ga mai yawa ba. Jirgin ya ruɓe a bakin mashigi. Babu aji mai sunansa. Tsofaffin littattafan sa hannu suna cikin kabad ɗina, kuma duk wanda ya buɗe su nan gaba abu ɗaya zai gani: malamin da ya fi kowa latti a tarihin makarantar nan shi ne Sahabi.

Yanzu jan biron yana hannuna. Kowace safiya in bakwai da rabi ta yi, nakan tsaya a tagar nan in jinkirta, minti biyar, wani lokaci goma, ina kallon mashigi. Malamai sun ɗauka sauƙin hali ne gare ni. Ruwa yana wucewa abinsa, babu jirgin da ke tahowa daga tsallake, sai in sunkuya in ja layin.

Allah ya jiƙan Sarkin Jirgi, ya sa ya yafe wa Malam Lafiya Lau.