Tuwon da Ban Ci Ba a Ɗakin Inna

A shekarun da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, ni kaɗai ce nake ƙara ƙiba a ƙauyenmu. Maza suna ƙara ɗaure mazagi, mata suna ninka zane, ni kuwa zane ɗaya ya daina zagaye ni. In na wuce bakin rijiya sai in ji ana cewa, "Malama dai ba ta san ana yunwa a garin nan ba." Da ƙarfi suke faɗa, don in ji. Ina ji kuwa.

Ba su ganin safiyata, sa'ad da nake jan jiki in kama ƙafar gado kafin in miƙe. Firamaren da nake koyarwa tana bayan gonaki uku ne daga gidanmu, amma sai na huta sau biyu a gindin ɗorawa kafin in isa aji. Ga ciwon suga, ga ƙafa a kumbure. Shekara uku ina sallah a zaune, goshina bai taɓa ƙasa ba. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Babu abin da ban gwada ba. Na sha tsamiya, na sha saiwoyi masu ɗaci, na yi azumin nafila har na fara ganin jiri a gaban allo. Daga ƙarshe na shiga mota a Ɗanbatta na tafi asibiti a Kano. Likitar, wata mace mai gilashi da ba ta iya kwana-kwana ba, ta daɗe tana duba ni wata da watanni, sannan ta ce abin da ya rage shi ne tiyata, a rage mini tumbi. Ta ce bayan aikin loma kaɗan za ta riƙa ƙosar da ni har ƙarshen rayuwata. Ta ce akwai waɗanda ba sa tashi, ba su da yawa, amma akwai. Ta ba ni rana, ta kafa sharaɗi: mako biyu kafin ranar, babu tuwo, babu duk abin da ake taunawa, sai romo tsararo da abin sha da ta rubuta, don hanta ta ragu su sami hanyar aiki. In na karya, kada in wahalar da kaina zuwa.

Maigidana manomi ne, ba ya son dogon zance. Ya ce, "Ke kike ɗauke da jikin, ba ni ba." Ya dangwala hannu a takarda. Ni kuwa na fara shan romo zuciyata rabi da rabi.

To, a wajenmu ba a tafiya Makka, ba a kwanciya a ƙarƙashin wuƙar likita, sai an zaga dangi an nemi yafiya gida-gida. Kuma ba gidan da zai bar mai irin wannan tafiya ta fita ba ta ci ba, ko da abin da ya rage musu ke nan. Da na yi wayo da na zaga tun kafin in fara sharaɗin. Tsoron bakin mutane ya sa na yi ta ɗagawa, har ya rage kwana huɗu. Sai ga ni ina shiga gidaje neman yafiya, ina fitowa da sabon laifi.

Gidan Goggo, ƙanwar mahaifina, can aka fi yi. Ta kawo dambu, zogalen ya fi tsakin yawa. Na ce Allah ya amfana, ba zan iya ci ba. Ta kama haɓa.

"Ikon Allah! Mutane suna neman abin da za su sa a tumbi, ke kina neman wanda zai yanke naki. Wannan ai butulci ne."

Na ce, "Goggo, in ƙiba arziki ce, kawo masaki in sammiki."

"Ki ji tsoron Allah, yadda ya halicce ki haka ya so ki."

"Ya halicce ni in yi masa sujada, kuma na kasa. Ranar da aka cire miki yanar ido ba ki ce haka ba."

Ta yafe mini dai, da baki, tana kallon katanga. Na fito ina huci, amma maganar butulcin ta bi ni har gida. Ban ɓoye ba, ta yi mini zafi.

Inna, mahaifiyata, na bari a ƙarshe, don ita nake tsoro. Kafin ni ta binne 'ya'ya biyu, duk a shekarun fari, dukansu da rama suka tafi. Ni na zo siririya, har ungozoma ta ce kada a saka rai. Inna ta ɗaura ɗamara da ni. Nono, fura, man shanu, abin da ta hana bakinta duk a nawa ya ƙare. Ina girma tana matsa damtsena tana murmushi. Ko da na zama uwar 'ya'ya, in ta gan ni na cika ƙofa sai ta ce, "Masha Allah, wannan dai ta zauna." Jikin da nake kuka da shi, ita a wurinta shaida ce cewa wahalarta ba ta tafi banza ba.

Na shiga bayan la'asar. Tun daga zaure ƙamshin daddawa ya tare ni, kwana goma ke nan ban tauna komai ba. Tana zaune a tabarma, ta rame har wuyanta ya fito. A gabanta akushi: tuwon gero, miyar kuka, man shanu yana narkewa a sama. Na san rumbunta ya daɗe da zama fanko. Na ɗaga kai na dubi azara, inda take rataye zangarniyar geron iri duk shekara. Igiya ce kawai take lilo. Ga damina ta ƙarato.

"Inna, irin kika daka?"

"Wanke hannu," in ji ta. Ba ta ce kada in je ba. Ba ta ambaci asibiti ba sam.

Wallahi na kusa ci. Na ce a raina, loma ɗaya ta raba gardama: likita ta ba wata ranata, Goggo ta huta, Inna ta yi murmushi, ni kuma in koma in ci gaba da hutawa a gindin ɗorawa har ranar da ƙafar za ta ƙi gaba ɗaya. Na ce bari dai in fara da abin da ya kawo ni. Ba a neman yafiyar uwa a tsaye, sai na yi niyyar durƙusawa.

Gwiwar hagu ta ƙi. Na tafi gaba ɗaya, na zube a gefe, kafaɗata ta bugi ƙasa. Inna ta yi salati ta taso, ta sa hannu biyu a hamatata tana ja. Ta ja, ta sake ja, tana nishi. Ko motsi ban yi ba.

Nan haushi ya taso mini, ba nata ba, haushin kowa da ya taɓa kallona ya ce ina jin daɗi. Na ce, "Sake ni, Inna." Na ja jiki zuwa ƙafar gadonta, na kama, na miƙe da kaina. Na ce, "Kin gani? Haka nake tashi kowace safiya. Ba zan ci ba. Za ni Kano, za a yi. Duk mai magana ya zo ya ɗauki jikin nan na wuni ɗaya tukuna. Kin raya ni, ki bar ni in ƙarasa rayuwar a tsaye."

Inna ta koma ta zauna, ta ɗauki faifai ta rufe akushin.

Na ce, "Ki yafe mini, Inna. Abin da na yi miki da sani, da wanda ban sani ba."

Ta ce, "Ban yafe ba."

Duk tsiwar da na zo da ita ta gudu. Ban taɓa jin uwar da ta faɗi haka ga mai shirin shiga tiyata ba.

"Ban yafe ba," ta sake cewa, idonta a kan faifai. "Wannan ba durƙuso ba ne. Ki je su yi abin da za su yi. Ki dawo da ƙafarki, ki sa gwiwa biyu a tabarmar nan kamar kowace 'ya, sannan ki tambaye ni."