Ranar da Ƙanena Bai Ɗago Daga Sujada Ba

Ƙanena ne mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Mahaifinmu malami ne a Fagam, yana da makarantar Islamiyya a ƙofar gida. Ni nakan yi kwanaki ina fama da 'yan ayoyi, shi kuwa ana biya masa ya riƙe. Idan Baba ya yi baƙi sai ya kira shi ya yi musu karatu, sannan ya ce wannan yaron zai haɗa na addini da na boko, ya wuce inda kowa ya tsaya a zuri'armu.

Aka kai shi sakandaren kwana a Birnin Kudu, shekarar farko ya zo na ɗaya. Da bazara ta zagayo ya yi zazzaɓi mai zafi, aka dawo da shi gida jinya, ya warke ya koma. Daga nan karatu ya fara ja da baya. Malamansa suka ce ba ya mai da hankali, ana yi masa tambaya yana kallon mutum kamar ba da shi ake ba. A gida ma Baba yakan kira shi daga zaure ya ji shiru. Ya ce girman kai ne, yabo ya lalata shi. Ya yi faɗa har ya gaji, ya daina kiransa gaban baƙi. Inna takan ce a bi yaron a hankali, tun ciwon nan ya canza, sai Baba ya ce ita ke ɓata shi.

Wata la'asar lokacin hutu muna salla a masallacin unguwa, Baba ke limanci. Ƙanena yana ƙarshen sahu, da ɗan fili tsakaninsa da ni. Baba ya yi kabbara muka ɗago, shi bai ɗago ba. Har muka miƙe tsaye goshinsa na ƙasa. Ashe duk watannin nan motsin kafaɗar na kusa da shi yake bi, ran nan kuwa babu wanda ya taɓa shi.

Bayan sallama na gaya wa Baba abin da na gani. Ya zagaya bayan yaron ya kira sunansa, ya sake kira da ƙarfi. Ƙanena bai waiwayo ba.

A asibiti likita ya ce zazzaɓin ya tafi da jin kunnen hagu gaba ɗaya, na dama ma saura kaɗan. Baba ya tsaya a gaban ƙanena yadda zai ga bakinsa, ya tambaye shi me ya hana shi faɗa.

Ya ce, "Na ga ka ɗora rai a kaina, Baba. Na ɗauka jin zai dawo kafin ka gane."

Muka kamo hanyar gida.

Ƙanena bai koma makaranta ba, ya ƙi duk lallashin da aka yi masa. Ya koyi ɗinki a Gwaram, ya yi aure, yana da 'ya'ya. Ranar kasuwa Baba yakan je ya zauna a bencin shagonsa, yana kallon keken yana ta magana ƙasa-ƙasa. Haka yake yi har ya rasu.

Bayan an gama karɓar gaisuwa, muna naɗe tabarmi a zaure, ƙanena ya ce mini, "Yaya, muryar Baba ta ƙarshe da na ji sosai ta faɗa ce. Da ya koma yi mini magana a hankali, na riga na daina ji."

Na ci gaba da naɗe tabarmar.