Baba Maiwada, Mai Wankin Tukwanen Yogot a Funtua

Da an sallame sallar asuba, Malam Maiwada ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Kai tsaye yake wucewa gidan yogot da ke lungun bayan tasha a Funtua, ya tuɓe riga ya rataye, ya hura wuta, ya ɗora ruwa. Manyan tukwanen ƙarfe takwas ne ke jiransa, waɗanda madara ta kwana a ciki ta zama yogot aka kwashe. Da ruwan sanyi yake fara ɗauraye su, don ya ce ruwan zafi liƙe madara yake yi a jikin ƙarfe. Sai sabulu da soso, ya bi kowane lungu har gindin kunnen tukunya, sai tafasasshen ruwa, sannan ya kife su a rana. Ba ya yarda a goge su da tsumma, ko sabo ne fil.

Shekara ashirin da tara ya yi yana wannan aiki. Mutumin Tsiga ne, noma ya gada. Wata shekara da damina ta yi gardama ya shigo Funtua neman abin yi, ya haɗu da Marcellinus, ɗan kasuwar da ya buɗe gidan, aka ba shi wanki. Bai daɗe ba aka damƙa masa riƙon iri.

Irin nan ba wani abu ba ne, yogot ɗin jiya ne da ake ɗiba a zuba a sabuwar madara don ta kama, kamar yadda matan Fulani ke yi da kindirmo. Amma Maiwada ba ya ɗibar na sama, ba ya ɗibar na ƙasa. Daga tsakiyar tukunyar da ta fi kyau yake ɗiba, da ludayin da ya tsoma a tafasasshen ruwa, ya sa a kwalba ya rufe. Idan iri ya lalace, duk madarar ranar ta tafi.

Wanda bai san shi ba zai ce ai wanke-wanke ne kawai. Rabe, mai Keke Napep da ke rarraba wa shaguna yogot ɗin, ya ce a azumin da wuta ta ɗauke ne ya san ko wane ne Maiwada.

A lokacin, tsufa ya riga ya kama Marcellinus, 'yarsa Onyinye ta karɓi gidan. Haifaffiyar Funtua ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, kuma a gaban Maiwada ta yi rarrafe. Azumi ya faɗo tsakiyar zafi, masu shaguna na ta kira, sai taransfomar unguwa ta ƙone. Kwana biyu tsakani janareta ya buga. Famfon rijiya ya tsaya, firji ya mutu, 'yan garuwa kuma sai an yi layi. Ga amai da gudawa ya ɓulla a wasu unguwanni.

Ran nan da safe Onyinye ta shigo ta tarar da tukwane ba wanki, ruwan da ya rage bai cika jarka biyu ba.

"Baba, yau kam a haƙura da wanki," in ji ta. "A juye sabuwar madara a kan ragowar ta jiya. Ai irin ma yana ciki."

Maiwada ya matsa ya tsaya tsakaninta da tukwanen. "Madam, abin da ya kwana a jikin tukunya cikin wannan zafi ba iri ba ne, cuta ce."

"Mutane na jira! In muka rasa su yau, gobe wani gidan za su koma."

"Masu azumi ne za su sha, da 'ya'yansu. Ni ba zan zuba ba, kuma ina tsaye ba mai zubawa."

Ranta ya ɓaci. Ta ce gidan ubanta ne, in ba zai iya ba ga ƙofa. Maiwada ya ɗauki rigarsa ya fita, kowa ya ɗauka ya tafi ke nan. Ita kuwa ta tsaya tana kallon tukwanen, ta kasa ba da umarnin a zuba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga shi ya dawo yana tura kurar ruwa da ya aro, jarka goma cike. Daga wata rijiya can gefen gari ya jawo su, da azumi a bakinsa, yana da shekara hamsin da biyar a duniya. Rabe ya ce sawu biyar ya ƙirga masa a ranar. A na huɗu ya gan shi ya jingina da kurar, leɓensa ya bushe ya yi fari, ya ce masa, "Baba, ka huta haka." Maiwada ya ce, "In na zauna ba zan iya tashi ba." Kunya ta kama Rabe, ya kwashi jarkoki a kekensa ya bi shi.

Duk ruwan sai da ya tafasa shi. Tukunya uku kawai aka iya wankewa, uku aka zuba wa madara, biyar suka kwana a kife. Kwalbar iri kuwa, tunda babu firji, cikin randar ƙasa ya sa ta, ya binne gindin randar a jiƙaƙƙen yashi, kullum yana sabunta irin kafin ya yi tsami. Haka aka yi kwana goma sha ɗaya.

A rana ta tara duba-gari suka shigo lungun. Sun riga sun garƙame wurare da dama a gari. Suka leƙa tukwane, suka shinshina, suka ɗebi yogot suka tafi da shi gwaji. Gidan bai rufu ba, kuma ba a sami ko mutum ɗaya da ya kwanta ta dalilinsa ba. Wasu shagunan da suka koma wani wuri ba su sake dawowa ba, wannan gaskiya ne. Amma da yammacin ranar Onyinye ta dafo abin buɗa-baki da hannunta, ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Ba ki yi mini komai ba. Tsoro ne ya yi magana, ni ma na ji shi."

Baba Maiwada, kai ne wanda ba a rubuta sunansa a jikin robar yogot ba. Dubban mutane sun sha aikin hannunka sun kwana lafiya, ba su san kana duniya ba. Dutse a bakin tukunya, ba a ture ka da gaggawa!

Watan jiya ciwon baya ya sa ya ajiye aiki, zai koma gonarsa a Tsiga. A wajen sallama Onyinye ta ce ya faɗi duk abin da yake so. Ya buɗe tafukan hannunsa, duk sun tsattsage saboda sabulu da ruwan zafi, ya ce, "Wanda zai gaje ni, a saya masa safar hannu. Kuma in ya ce tukunya ba ta wanku ba, a saurare shi."

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa wa gonarka albarka, Ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu dama fura, masu kunun zaƙi, masu zoɓo, da duk wanda abin hannunsa ke shiga cikin mutane, ranar da ruwa ya yanke aka ce muku a haƙura da wanki, ku tuna akwai dattijon da ya ƙi, ya je ya aro kura.